Zuwa ga Alhajin Dawanau, kan adadin da ya ƙi rabuwa

Zariya, daren Laraba.

Alhaji mutumina,

Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da duk mutanen rumfa. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara saukowa, gwiwata kuma ta riga kowa ba ni labarinsa.

Shekaranjiya da ka kira ni muryarka har rawa take yi, ga layi yana tsinkewa, ga hayaniyar 'yan dako a bayanka, na kasa yi maka bayani yadda ya kamata. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto. Da farko dai ka kwantar da hankalinka. Yaron shagonka bai ci maka ko kwabo ba, ka daina hararar bawan Allah.

Ka ce jimillar ciniki ta kai naira 21,400,000, aka shigar da wata 100,000, maimakon ka ga 21,500,000 sai kwamfuta ta nuna ana bin ka bashin naira 21,449,672.96. Lokacin da kake karanto min lambar na rubuta ta a bayan takardar magani. Ina ajiye waya na ɗan yi lissafi, sai dariya ta kama ni, har uwargida ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Na gane ɓarawon, Alhaji. Na yi shekara talatin ina gabatar da shi ga ɗalibai a gaban allo. Ga shi: 2,147,483,647.

Idan kana son ka faɗe shi da baki, biliyan biyu ne da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Da zamanin wuri ne, lokacin da kakanninka suke ɗaure dubu ashirin a keso guda, da ka tara keso 107,374, ga ragowar wuri 3,647 a ƙasa ana neman inda za a zuba. Idan kuwa ka ce za ka ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, lamba guda kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka shekara 68 da 'yan kwanaki kafin ka kai ƙarshe.

Manhajar da ɗanka ya rubuta maka, da kwabo take ƙirga, wannan kuwa dabara ce mai kyau, haka masu aikin kuɗi suke yi don kada canji ya riƙa zubewa. To ka ɗauki lambar nan ka sa ɗigo kafin biyun ƙarshe, za ka ga naira 21,474,836.47. Nan ne bakin bangon. Cinikinka ya zo ya yi karo da shi.

Bari in nuna maka daga ina bangon ya fito, da hatsi tunda shi ka sani. Ka tuna darar da muke yi a gindin darbejiya bayan makaranta, mai gurbi talatin. Ka sa ƙwayar gero ɗaya a gurbin farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, kowane gurbi ninkin wanda ya gabace shi. Ka lura da jimilla tana tafiya: 1, 3, 7, 15, 31, 63. Kullum saura ɗaya ta kamo gurbin da ke gaba. Idan ka cika gurbi talatin ɗin, ka zuba ƙwaya 1,073,741,823. Ka haƙa gurbi ɗaya na ƙari, na 31, ka zuba masa rabonsa, jimilla ta zama 2,147,483,647 cif. Wato ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, ka cire ɗaya. Tsohon labari ne wannan ninki, Ibn Khallikan ya kawo shi a ƙarni na 13 game da allon shaɗaranji mai gida 64, inda hatsin da ake bin sarki ya kai ƙwaya 18,446,744,073,709,551,615. Na san kana karantawa kana lissafin buhu nawa ke nan. Bakano dai Bakano ne.

Ita kwamfuta haka take ƙirga. Ɗanka ya ba kowane adadi gurbi 32, kowane gurbi ko dai a kunne yake ko a kashe. Talatin da ɗaya na ƙirga ne, na 32 kuma shi ne mai faɗin ko kuɗi ne a hannu ko bashi. Idan duk 31 ɗin suka kunnu, an kai 2,147,483,647, babu sauran wuri. Aka ƙara ɗaya, sai duk su mutu, ɗayan da aka riƙe ya tsallaka ya kunna gurbin bashi. Ka taɓa ganin mitar tsohuwar mota ta kai 999,999 ta koma sifili? To haka ne, sai dai ita wannan maimakon sifili can ƙasan rami take faɗawa. Ka gwada da kanka: naira 21,500,000 kwabo 2,150,000,000 ke nan. Gurbi 32 gaba ɗaya suna ɗaukar 4,294,967,296. Ka cire na farko daga na biyu, za ka sami 2,144,967,296. Sa ɗigo. Ga bashinka nan, har da kwabo 96 ɗin.

Kada ka yi wa ɗan naka faɗa da yawa, manya sun faɗa ramin nan. A 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni a kan jirgin Boeing 787, cewa kada a bar shi da wuta a kunne kwana 248 a jere, domin wani maƙirgi a cikin na'urorin da ke kula da janaretocinsa zai cika, su kashe kansu gaba ɗaya. Ka raba daƙiƙa gida ɗari, kamar yadda aka raba naira kwabo ɗari, ka ƙirga 2,147,483,647 daga cikinsu, za ka ga kwana 248 da rabi da ɗan ɗoriya. Akwai kuma na agogo. Kwamfutoci da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970. Masu gurbi 32 za su cika ranar 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Nijeriya, daga nan su koma watan Disambar 1901. Yawancin wayoyi da kwamfutocin yanzu an riga an faɗaɗa musu gurbi, tsofaffin na'urori da aka manta da su a lungu su ne abin dubawa. Allah ya nuna mana, ni da kai sai mu zauna a tabarma mu yi kallo.

Wannan shi ne amsar tambayarka, kana iya ajiye takardar a nan ka koma awo. Amma tunda ka taɓo ni, sai na gama, domin abin da ya sa nake son adadin nan daban ne.

Ba ya rabuwa, Alhaji. A ce mutum ya rasu ya bar kwabo 2,147,483,647, aka ce a raba daidai wa daida. Magada biyu, ragowa. Uku, ragowa. Bakwai, dubu, miliyan, kowane adadi ka kawo sai an yi saura. Hanya biyu kawai ake da ita: mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 2,147,483,647 kowa ya ɗauki kwabo guda. Irin waɗannan ni a aji gagara-rabo nake ce musu, su 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 'yan'uwansu. Kowane adadi da ba ya cikinsu, idan ka farfasa shi, su za ka tarar a ciki, kamar bulo a jikin gini.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne ba a gane wannan a fuska. Ka dube shi: wutiri ne tunda da 7 ya ƙare, don haka 2 ba za ta shiga ba. Bai ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ta fita. Ka tara lambobinsa goma za ka sami 46, wanda 3 ba ta raba shi, saboda haka 3 da 9 sun fita. Daga nan kuma fuska ta gama magana. Yanzu dubi maƙwabcinsa na ƙasa, 2,147,483,646, kwabo ɗaya tak ya raba su. Wannan kuwa mai jama'a ne. Ya farfashe zuwa 2, da 3 sau biyu, da 7, da 11, da 31, da 151, da 331. Adadi 192 ne suke raba shi ba saura. Magada 2, 3, 6, 7, 9, 11, 14, 18, kowa ya tashi ba rigima. Na sama kuma, 2,147,483,648, ba komai a cikinsa sai 2, ka yi ta raba shi biyu sau 31 har ka dawo kan ɗaya. Gida uku a jere, katanga ɗaya: na farko ƙofarsa a buɗe, na ƙarshe dangi ɗaya kawai ya sani, na tsakiya ko sallama ba ya amsawa.

Mutanen da suna da wata hanyar jera adadi aji-aji wadda na tabbata za ta yi maka daɗi, domin harshen 'yan kasuwa ce. Ka ɗauki adadi, ka tara duk masu raba shi banda shi kansa. Idan jimillar ta zarce shi, mai rara ne: 12 yana da 1, 2, 3, 4, 6, sun tashi 16. Idan ta gaza, mai giɓi ne: 8 yana da 1, 2, 4, sun tashi 7. Idan kuwa ta zo daidai, cikakke ne: 6 shi ne 1 da 2 da 3, haka 28 shi ne 1, 2, 4, 7 da 14. Wani Bagirke mai suna Nikomakus ya rubuta wannan rabe-rabe wajen shekara ta 100 miladiyya, Sabit bin Ƙurra ya mayar da littafinsa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, shi ya sa a littattafan hisabi za ka ga za'idi da naƙisi da tammi.

To auna gidajen nan uku da wannan mudu. Na ƙasa mai rara ne sosai, masu raba shi sun tashi 3,898,507,266, sun kusa ninka shi. Namu mai giɓi ne iyakar giɓi, ba shi da kowa sai 1. Na saman shi ne abin tausayi: masu raba shi su ne 1, 2, 4, 8 har zuwa gurbi na 31, geron nan da muka zuba a dara, wato jimillarsu 2,147,483,647. Kwabo ɗaya ya hana shi zama cikakke. Ka ga ashe adadinmu shi ne dukiyar maƙwabcinsa gaba ɗaya. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai wannan, akan sami ɗaya ko biyu da idonsu yake canjawa, sauran kuma suna duban agogo. Saboda biyun nan na daɗe a aikin.

Cikakku kuwa ba su da yawa ko kaɗan: 6, 28, 496, 8,128, sai tsalle zuwa 33,550,336. Uƙlidis na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin miladiyya, shi ya gano yadda ake samo su, kuma da darar nan tamu ne. Ka yi ta ninkawa kana tarawa. Duk inda jimilla ta zama gagara-rabo, ka ninka ta da abin da ke gurbin ƙarshe, cikakke zai fito. Gurbi biyu: 3 sau 2, shida. Gurbi uku: 7 sau 4, ashirin da takwas. Gurbi huɗu sun ba da 15, yana rabuwa, a wuce. Gurbi biyar: 31 sau 16, ga 496. Saboda haka tambayar ta koma: a gurbi na nawa jimilla take ƙin rabuwa? Dole yawan gurbin kansa ya zama gagara-rabo, amma hakan bai isa ba. Gurbi 11 sun ba da 2,047, ka gan shi kamar ba zai fashe ba, alhali 23 sau 89 ne.

Nan manyan masana suka yi ta tuntuɓe. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da gurbi 17 da 19 a 1588, daga baya ya ƙara da cewa 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke. A huɗun nan ɗaya kawai ya dace. Fermat ya fasa na 23 da na 37 a 1640. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne, ya fitar da nasa jerin a 1644, ya sa 31 a ciki, ya sa 67 da 257 waɗanda ashe suna rabuwa, ya tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda ba sa rabuwa. Duk da kuskure biyar, da sunansa ake kiran dangin har gobe. Wani lokaci suna ma rabo ne.

Wanda ya yanke hukunci a kan na 31 shi ne Leonhard Euler, Oila ake furtawa, haifaffen Basel ta Siwizalan, yana zaune a Santa Fitasbag ta Rasha. A 1772 ne, yana da shekara 65, idanunsa sun riga sun tafi kusan gaba ɗaya, gobara kuma ta cinye gidansa shekara guda kafin nan. Yadda ya yi shi ne abin da nake so ka gani, domin wayo ne irin na ɗan kasuwa da ba ya son wahalar banza. Na farko, ba sai ka gwada raba adadin da duk abin da ke ƙasa da shi ba. Idan yana rabuwa, ɗaya daga cikin masu raba shi ba zai wuce 46,340 ba, saboda 46,341 sau kansa ya riga ya zarce shi. Daga biliyan biyu an sauko dubu arba'in da shida. Na biyu, Fermat ya bar wata ƙa'ida: duk gagara-rabon da zai raba irin wannan adadi, sai ya zama ninkin yawan gurbin sau biyu, da ɗoriyar ɗaya. Duba 2,047 na ɗazu, gurbi 11, ninkinsa 22: ai 23 shi ne 22 da ɗaya, 89 kuma 22 sau huɗu da ɗaya. To a namu sai ninkin 62 da ɗaya. Euler ya ƙara tace su da nasa rariyar, ya nuna cewa idan ka raba mai neman shiga da 248, dole ragowar ta zama 1 ko 63. Waɗanda suka rage ba su kai 400 ba, cikinsu ma gagara-rabo kaɗai ake kulawa. Na farkonsu 311. Na gwada maka shi a bayan takardar maganin nan: ya shiga sau 6,905,092, saura 35. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya shiga. Ka san a ina ya bayyana sakamakon? A wasiƙar da ya aika wa abokinsa Bernoulli. Ka ga ni ma ba ni na fara damun aboki da lissafi ba.

Da wannan adadinmu ya zama na takwas a dangin Mersenne, bayan gurbi 2, 3, 5, 7, 13, 17 da 19, ya kuma haifi cikakke na takwas: 2,305,843,008,139,952,128. Ya riƙe sarautar gagara-rabo mafi girma da aka sani har 1867, shekara 95. Wani masanin lissafi a Ingila, Peter Barlow, har ya rubuta a 1811 cewa a ganinsa daga nan an rufe, tunda abin ba shi da wani amfani, ba wanda zai sake wahalar da kansa ya wuce wurin. Bai san ɗan'adam ba. Édouard Lucas ya tabbatar da na gurbi 127 da hannu a 1876, mai lamba 39. Kwamfuta ta karɓi aikin a 1952. A Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano na 52 da aka sani a dangin, mai gurbi 136,279,841, wanda rubuta shi kawai lamba 41,024,320 ne. Har yau kuma ba wanda ya iya tabbatar da ko dangin yana da iyaka, ko akwai cikakken adadi da yake wutiri. Shekara sama da dubu biyu ana nema.

Yana da wata salsala kuma. Shi 31 ɗin kansa ɗan dangi ne, gurbi biyar ne suka haife shi. Wato uba ɗan gida, ɗa ma ɗan gida. Huɗu kaɗai aka sani masu irin wannan asali: 7, da 127, da namu, da wancan na Lucas.

Za ka tambaye ni, na san ka, ko rashin rabuwar nan ne ya jawo maka bashin ƙarya. A'a, ba ruwansa. Bangon ya faɗo a nan ne don masu ƙera kwamfuta sun zaɓi gurbi 32. Da suka koma 64, sabon bangon, 9,223,372,036,854,775,807, yana rabuwa da 7 salin alin. Katari ne kawai aka yi, adadin da makaho ya tantance a 1772 ya zo ya zauna daidai bakin ƙofar na'urar da za a ƙera bayan kusan shekara ɗari biyu. Sai dai masu kwamfuta ba su bar katarin ya tafi a banza ba. Idan ana son na'ura ta jefa ƙuri'a, ta fito da lambobi kamar da ka, akwai hanyar da Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a riƙe a 1988: ka ɗauki adadi, ka ninka da 16,807, ka raba da 2,147,483,647, ka riƙe ragowar, ka sake yi da ita. Saboda mai rabawar gagara-rabo ne kuma an zaɓi 16,807 da kyau, sai ragowar ta zaga adadi 2,147,483,646 kaf kafin ta maimaita ko ɗaya. Abin da Barlow ya ce ba shi da amfani ke nan.

Yanzu batun gyara. Ka ce wa ɗanka ya mayar da ma'ajiyar jimilla mai gurbi 64, zai gane, aikin minti goma ne, kuma ya duba ko lambobin da aka shigar ɗaya-ɗaya suna nan, domin jimillar ce kawai ta juye. Ya ajiye kwafi kafin ya taɓa komai. Bayan gyara bangonka zai koma naira 92,233,720,368,547,758.07. Na san ku Kanawa kuna cewa ko da me aka zo an fi mutum, to idan cinikin rumfa ya kai nan ka sake kira na.

Ladan aikina buhun gero ɗaya, ka ba direban da ya saba, kada kuma ka ce a ninka min daga ƙwaya ɗaya, na fi ka sanin inda abin yake ƙarewa. Autarka da ka ce tana son lissafi, ka ba ta wannan: bayan 311, masu neman shiga na gaba su ne 1,303 da 1,489. Ta raba 2,147,483,647 da kowannensu da biro, ba da waya ba, ta aiko min da ragowar. Idan ta dace akwai tukuici.

Ka gaida Hajiya, uwargida ma tana gaishe ta, ta ce daddawar ta iso.

Naka har kullum,
Malaminka na Zazzau